Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Ƙima

Da hantsi muka isa ƙaramin asibiti, ni da kawuna a kan babur, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumman atamfa. Kwana tara ke nan da fartanya ta kuɓuce masa a gonar masara ta sare shi a ƙwauri. A gida an yi abin da aka saba yi: an zuba toka don jini ya tsaya, an fasa kafso an barbaɗa garin a kai, aka ɗaure. Ciwon da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya ƙi rufe baki.

Mutumin da ke wanke ciwo a ƙaramin asibitin, kowa likita yake ce masa, ko da yake shi da bakinsa zai gaya maka ma'aikacin lafiya ne. Bai yi garajen kwance tsumman ba. Ya ce, "Sannu Baba. Tako ka zo nan in gani." Ya bi tafiyar da ido har kawu ya zauna a benci. Sai tambaya: "Zogi yake yi ko ƙaiƙayi? Yana hana ka barci? Ka ji kaluluwa a matsematsi?" Daga nan ya ɗora bayan hannunsa a fatar da ke gefen ciwon, ya ɗauke, ya ɗora a daidai wurin a ƙafar dama, ya sake komawa ta hagu. Ya sa safar hannu, ya jiƙa tsumman da ruwan gishiri na asibiti, ya jira ya saki don kansa, sannan ya ɗaga shi a hankali. Tsumman ya fara dubawa kafin ciwon. Ya kalli abin da ya shanye, ya ɗan kai shi kusa da hanci.

"Bai lalace ba, Baba," in ji shi, "amma ya fara fushi."

Bayan ya wanke, ya kankare tokar da mataccen naman da ke kwance a kai, sai ya zaro biro daga aljihu ya zagaye iyakar kumburin da layi a kan fata. Ya ce idan kumburin ya tsallake layin nan kafin jibi, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira ranar dawowa.

Duka-duka bai fi minti goma ba. A cikinsu ya auna zafi, ya auna danshi, ya duba launi, ya shinshina wari, ya ƙiyasta faɗi, kuma babu abin da ya riƙe sai hantsaki da auduga da biro. Waɗannan abubuwa biyar su ne manyan jami'o'in Amurka da Singafo suke kashe maƙudan kuɗi a yau don su cusa a cikin bandeji, ya riƙa auna su da kansa yana aika labari zuwa wayar hannu. Kafin mu je ga bandejin, ya kamata mu san abin da mutumin nan yake karantawa.

Katangar da ruwa ya ɓara

Duk wanda ya yi damina a gidan ƙasa a Zugurma ya san yadda ake yi da katangar da ruwa ya ɓara. A daren, sai a toshe da abin da aka samu. Da safe a kwashe ɓaraguzai. Sannan a kwaɓa ƙasa a ɗora gini. Yaɓe shi ne na ƙarshe. Haka jiki yake yi da ciwo. Cikin 'yan mintoci jini ya daskare ya toshe ƙofa. Kwanaki uku zuwa biyar na farko na shara ne: fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin suna cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama, shi ya sa wurin yake kumbura, ya yi ɗumi, ya yi ciwo. Sai gini, wanda kan ɗauki kamar mako uku: sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, jan nama ya ciko daga ƙasa, sabuwar fata ta rarrafo daga gefe. Yaɓen kuwa yakan kai shekara ko fiye, tabo yana ƙara ƙarfi a hankali, kuma ko ya gama ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Dalilin da ya sa tsohon tabo yake saurin famuwa ke nan.

Gyambo shi ne ciwon da ya maƙale a matakin shara. Ma'aikata na ta kwasa, magina ba su samu shiga ba. Gwanintar mai wanke ciwo ita ce ya gane a wane mataki aikin yake, da kuma ko kumburin da yake gani na aiki ne ko na faɗa. Tun ƙarni na 1 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomi huɗu na kumburin ciwo: ja, zafi, kumburi da raɗaɗi. Har gobe ana koyar da su. Sai dai duka huɗun suna nan a ciwo mai warkewa, suna nan a ciwo mai ruɓewa. Abin da ya raba su shi ne yawa da lokaci. Ɗumi a rana ta biyu alheri ne. Ɗumin da ya ƙaru a rana ta tara, yana faɗaɗa, ƙararrawa ce.

Akwai kuma wani abu da littattafan koyarwa suka daɗe ba su kula da shi ba. Yawancin hotunan da ke cikinsu na farar fata ne, inda ja yake fitowa fili. A fatarmu ja ɓuya yake yi. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya yi tauri. Saboda haka mai wanke ciwo a ƙasar Hausa ya fi takwaransa na Turai dogaro da hannu. Bayan hannu yake sawa, kuma ba ya yarda da abin da ya ji sai ya gwada da ɗaya ƙafar, domin jikin mutum shi ne mudun kansa.

Cikin ciwon ma rubutu ne. Ja mai sheƙi, mai ƙananan ƙwayoyi, kamar tsokar da mahauci ya yanka yanzu, gini ne ke tafiya, kuma ba a dirje shi. Rawaya mai yauƙi mataccen nama ne, sai an cire. Baƙi busasshe ya mutu tuni, yana iya rufe mugunya a ƙarƙashinsa. Siririn layi mai haske a gefe sabuwar fata ce, ita ce abin da ake nema, ita ce kuma take fara tafiya idan aka fizge bandejin da ya manne. Ruwan da ciwo ke fitarwa, in garai yake mai ɗan rawaya, babu damuwa. In ya yi kauri ya yi yawa, akwai magana. In ya rina auduga kore-kore mai shuɗi, gwani ya san baƙon da ya sauka, wata ƙwayar cuta ce da ake kira Sudomonas, wadda take da launinta da warinta na daban.

Faɗi kuwa ba a barin sa ga tunani. Wasu sukan shimfiɗa farar leda mai tsabta a kan ciwon su zana bakinsa da alƙalami, su rubuta kwanan wata, bayan mako su sake. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan gyambon ƙafar masu ciwon suga ya nuna cewa wanda bai ragu da kamar rabi ba a cikin mako huɗu, da wuya ya rufe a mako goma sha biyu. Ma'ana, idan wata ya cika zanen ledar bai motsa ba, lokacin tura mutum gaba ya yi, Babban Asibitin Kontagora ko asibitin tarayya da ke Bida. Sanin ranar da za ka ce "wannan ya fi ƙarfina" yana daga cikin gwanintar.

A bar shi ya sha iska?

A nan ne gwani yake karo da abin da muka tashi da shi. Mu a gida cewa muke a buɗe ciwo ya sha iska ya yi ɓawo. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu: ciwon da aka rufe ya zauna da danshinsa ya yi sabuwar fata da saurin da ya kusan ninka na wanda aka bari ya bushe. Dalilin a bayyane yake. Ƙwayoyin fata rarrafe suke yi, kuma a kan laima suke tafiya. In ɓawo ya tare hanya, sai sun yi haƙa ta ƙarƙashinsa. Amma in laimar ta yi yawa, fatar gefe takan jiƙe ta yi fari ta saɓule. Aikin kamar ban-ruwan albasa ne, ƙasa ta jiƙa amma kada ruwa ya kwanta. Da hunturu ciwo bushewa yake yi ya tsage, da damina jiƙewa, kuma mai wanke ciwo yana sauya kaurin abin da yake ɗorawa gwargwadon haka.

Ba duk abin gida ne ake jefarwa ba. Toka, ƙasa, kashin shanu, baƙin mai da man goge baki da ake shafa wa ƙunar salansar babur, waɗannan ƙara wa masu shara aiki suke yi, wasu ma su jawo cuta. Zuma kuwa ta ci jarrabawa. A 1988 wani likitan tiyata a asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa sakamakon sa zuma ga marasa lafiya 59 masu ciwuka da gyambuna, yawancinsu waɗanda maganin asibiti ya kasa, kuma 58 daga cikinsu sun samu sauƙi a fili. Zuma tana zuƙe ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami, tana kuma riƙe danshi. A yau akwai zumar da aka tace musamman domin asibiti.

Ƙafar da ba ta kuka

Duk wannan karatu yana da mataimaki guda, wato raɗaɗi. Shi ne yake koro mutum asibiti. To, yaya za a yi da ƙafar da ba ta ji?

Paul Brand, likitan tiyata ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, shi ne ya tabbatar wa duniya cewa kuturta ba cin yatsu take yi ba. Jijiyar ji take kashewa, sai mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, ya yi ta tafiya a kan ciwo har nama ya lalace. Ya lura cewa kafin fata ta fashe, wurin yakan yi ɗumi, don haka ya riƙa shafa tafin ƙafar marasa lafiyarsa yana neman inda ya fi zafi. Bayan ya koma Carville a Amurka a 1966, shi da abokan aikinsa sun yi amfani da wata safa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin rini waɗanda suke fashewa a inda nauyi ya yi yawa. Mutum ya yi tafiya, a cire safar, tabon shuɗi ya nuna inda takalmi yake cin sa. Babu batir, babu waya, amma kakar na'urorin yau ke nan. Wannan darasi na duba ƙafa da gyara takalmi shi ake bi a wuraren kula da masu cutar, irin na Chanchaga da ke Minna.

Ciwon suga ma haka yake kashe jin ƙafa, kuma kullum ƙaruwa yake yi a garuruwanmu. Masu bincike a Amurka, Lawrence Lavery da David Armstrong, sun mayar da shafar Brand ta zama lamba. Suka ba masu suga ƙaramin ma'aunin zafin fata su riƙa auna wurare a tafin ƙafafu biyu kullum. Idan wani wuri ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar da fiye da digiri 2.2 a ma'aunin Salshiyas, a rage tafiya, a kira ma'aikaciyar jinya. A gwajin da suka wallafa a 2007, kusan mutum 30 cikin 100 na waɗanda ba su da ma'aunin sun yi gyambo, a masu ma'aunin kuwa ƙasa da 9 cikin 100. Ka duba da kyau: ƙafa da ƙafa suke gwadawa, daidai abin da mutumin nan ya yi wa kawu da bayan hannunsa. Yanzu har an saƙa ma'aunin a cikin safa, an kuma sa shi a tabarmar da ake takawa da safe.

Bandeji mai ido da hanci

Daga safa aka shigo cikin ciwon kansa. Kowace gaɓa ta gwani an nemo mata ƙaramar na'ura. A madadin bayan hannu, akwai siririn ƙarfe wanda yadda lantarki ke ratsa shi yake sauyawa da ɗumi. A madadin duba tsumma, akwai wayoyi biyu ƙanana da ke auna sauƙin wucewar lantarki a nama, domin jiƙaƙƙen wuri mai gishiri ya fi busasshe ba shi hanya.

Akwai ma abin da ido ba ya gani, wato tsami. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, tsakanin 4 da 6 a ma'aunin pH, gyambo kuwa yakan karkata ɓangaren kanwa, daga 7 zuwa kusan 9, inda ƙwayoyin cuta da yawa suka fi jin daɗi. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a ruwan zoɓo ta san sirrin auna wannan: tsami ya mutu, jan ya juye ya yi duhu. Irin wannan rini mai sauya launi ake ɗigawa a takarda a manna a bandeji.

A 2021 masana a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka fito da bandejin da suka kira VeCare, mai auna zafi da tsami da nau'in ƙwayar cuta da alamomin kumburi a cikin minti 15. A 2023 wasu a jami'ar suka nuna PETAL, faci na takarda mai siffar fure mai kunne biyar, ba ya buƙatar batir. Ruwan ciwo yana bin ƙananan hanyoyi zuwa kunnuwan, kowanne ya sauya launi gwargwadon abin da yake aunawa, a ɗauki hoto da waya, manhaja ta fassara. Ɗaya daga cikin biyar ɗin yana neman sinadarin da ke ba ruɓaɓɓen kifi warinsa. Hanci ke nan aka yi wa takarda.

A Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, a 2022, an ƙera wanda ba ya tsayawa ga aunawa. Da'irar lantarkinsa kaurinta kamar na gashin kai, tana auna zafi da wucewar lantarki, tana kuma aika ɗan ƙaramin lantarki da ke zaburar da nama. A jikin ɓeraye ciwo ya rufe da saurin da ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Sun kuma yi dabarar mannewa: in aka ɗumama shi zuwa digiri 40 sai ya saki fata ba tare da fizga ba, abin da mutuminmu ya yi da ruwan gishiri da haƙuri. A jami'ar Caltech, tawagar Wei Gao ta nuna a 2023 bandejin da yake iya sakin magani da kansa, a 2025 kuma suka gwada wani sabon samfuri a jikin mutane 20 masu daɗaɗɗen ciwo.

Mutum 20, ɓeraye, ɗakin gwaji. Yawancin waɗannan abubuwa ba su shigo kasuwa ba tukuna, kuma ranar da za su shigo, Legas da Abuja za su fara gani kafin Ƙaramar Hukumar Mashegu, inda Zugurma take.

Kwanakin da ke tsakani

Duk da haka, in akwai inda irin wannan bandeji zai yi rana, to irin ƙasarmu ce. Ƙauyukan da ke kewaye da Zugurma, har zuwa bakin dajin da ya zama ɓangare na Gandun Dajin Tafkin Kainji, a warwatse suke. Da damina, lokacin da fartanya da adda da lauje suka fi sara, a lokacin ne hanya take lalacewa, a lokacin ne kuma manomi ba ya iya barin gona. Gwani yana ganin ciwo minti goma a kwana uku. Sauran sa'o'in ciwon yana rufe cikin duhu, babu mai ganinsa. Buɗe shi kullum don a leƙa yana sanyaya shi, yana yage sabuwar fata, yana cin auduga da kuɗin babur. Barin sa kuma kasada ne. Abin da na'ura ta fi mutum da shi ke nan: ba ta barci, ba ta komawa gida, kuma tana iya cewa "yau kada a taɓa" ko "yau a taho."

Amma lamba ba ta wanke ciwo. Bandeji ba zai ga tafiyar mutum daga ƙofa ya gane inda yake jin nauyi ba. Ba zai san cewa dattijon nan gobe da asuba fadama zai shiga da ƙafar ba, ko cewa wata biyu rabonsa da nama ko wake, alhali da abin da aka ci ake gina tsoka. Ba zai riƙe hantsaki ya raba matacce da mai rai ba, ba zai tuna a tambaya ko an yi allurar rigakafi bayan saran ƙarfe ba. Ba zai iya faɗa wa dattijo ya daina zuba toka ba, ta hanyar da dattijon zai ji bai ji an raina shi ba. Idan waya ta yi ƙara, wani ne zai duba ya yanke hukunci, kuma wanda ya iya karanta ciwo da ido shi ne zai san ranar da lamba ta yi ƙarya.

Kawu dai ya koma gida da layin biro a ƙwauri. Safe da yamma matarsa takan haska tocila ta duba ko kumburin ya taɓa layin, ta ɗora bayan hannunta a wannan ƙafa ta ɗora a waccan, yadda ta ji an kwatanta. Kumburin bai tsallake ba. A rana ta uku ya ja baya ya bar layin a fili, tsakaninsu kamar faɗin farce. Da muka koma, mutumin ya ɗaga bandejin, ya ga jan nama ya ciko da siririn haske a gefe, ya ce, "Madalla, Baba. Ya huce." Ya zana sabon layi a cikin tsohon, ƙarami, ya mayar da biron aljihu, ya kira na gaba.